Amsa ga mahaifin da ke son 'yarsa ta gama lissafin sakandare a shekara ɗaya

Wa alaikumus salam Malam. Na gane tambayar taka: yarinyarka shekararta 14, ta gama JSS3 za ta shiga SS1 a Satumba, lissafi ba ya ba ta wahala har tana ƙorafin wai abin da ake yi a aji ta riga ta iya, shi ne kake son a tsara mata yadda za ta cinye lissafin SS1 zuwa SS3 cikin shekara ɗaya, in ya so ta zauna GCE, jarrabawar gama sakandare ta masu zama daga waje. Allah ya raya maka ita, ya sa mata albarka. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare kuma na taɓa yin irin wannan da yara ƙalilan, wasu abin ya yi kyau, ɗaya kuwa ni da hannuna na ɓata shi, zan ba ka labarinsa a gaba.

Eh yana yiwuwa. Bari ma mu lissafa tunda maganar lissafi ake. A makarantar da nake koyarwa firiyod biyar ne na lissafi a sati, kowanne minti 40, wato awa uku da minti 20. In ka ce sati 36 ake karatu a shekara, awa 120 kenan, shekara uku awa 360. Kuma kai ma ka san ba duka ake samu ba, satin farko na zango ana share-share ana jiran ɗalibai su gama dawowa, ga satin jarrabawa, ga ranar da malam ya tafi ta'aziyya, sannan a cikin minti 40 ɗin ma da yara sittin ko saba'in yake fama, kafin a yi shiru a goge allo minti goma ta tafi. Yarinyar da za ta zauna awa ɗaya da rabi kullum, kwana biyar a sati, sati 40, ta samu awa 300 nata ita kaɗai ba mai raba ta da su. Toh ka ga lokaci akwai shi.

Inda nake jin tsoro shi ne tushe. Yaro ya zo na ɗaya a lissafi a JSS ba ya nuna ya fahimta, sau da yawa abin da yake nunawa shi ne yana da saurin hadda, malam ya yi misali a allo, ya canja lambobi ya kawo a jarrabawa, shi kuma ya zubo masa. Irin wannan kan yana kai yaro har tsakiyar SS2 lafiya lau, daga nan sai ka ga ya tsaya cak. Don haka kafin ka sayi littafi ko ka nemi mai lesin, zaunar da ita da takarda da biro, ba kalkuleta, ka yi mata 'yan tambayoyin nan.

Ka fara da rabon gado. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da biyu bisa uku. Ka ce ta haɗa. In ta ce uku bisa biyar, wato ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, to akwai aiki ja a gabanmu. In ta ce bakwai bisa shida ta yi daidai, amma ka tsaya ka kalli fuskarta, wadda ta fahimci firakshin za ta ɗago ta ce Baba ai wannan ya fi dukiyar gaba ɗaya, ta yaya za a raba? Wannan tambayar nake nema. Ita ce mas'alar da malaman rabon gado ke kira auli, a mayar da asalin daga 6 zuwa 7, miji ya ɗauki uku bisa bakwai su ɗauki huɗu bisa bakwai. Sai ta kasuwa: atamfa ta naira 10,000, mai shago ya rage kashi 20 cikin ɗari, bayan sati ya ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan sabon farashin, nawa ta koma? Mafi yawa 10,000 suke cewa, har da manya, alhali 9,600 ce. Sai ka ba ta −3 − (−5), amsar 2 ce, kuma ka tambaye ta me ya sa mainos sau mainos yake ba da fulos, in ta ce haka malam ya ce ba laifinta ba ne amma ka rubuta ka ajiye. Sai wannan: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, nan da shekara 12 za su zama ninki biyu, nawa ne shekarunsu? 36 da 12. Ba amsar ce ta dame ni ba, so nake in ga ko za ta iya juya magana ta koma x da kanta. Ta ƙarshe wadda na fi so: 1+3, 1+3+5, 1+3+5+7, ta ci gaba ta faɗa maka me ta lura. 4, 9, 16, 25. In ta gano cewa duk lamba ce sau kanta, ka ce to don me? Ba ta duwatsu ko ƙwallayen dabino ta jera a ƙasa, ka bar ta da shi ko kwana biyu ne.

Duk wadda ta yi tuntuɓe a biyu daga cikin waɗannan, dogon hutun nan na Agusta har zuwa ƙarshen Satumba a kan tushe zai tafi: firakshin, desimal, kaso cikin ɗari, reshiyo, lambobi masu mainos, buɗe baka da fitar da fakta, da juya fomula. Na san za ka ji kamar ana komawa baya alhali kai gudu ka zo nema. Wallahi wannan sati shida zuwa takwas ɗin shi ne yake sayo maka saurin sauran shekarar, domin in ka duba takardun yaran da suka faɗi kwadiratik ko tirigonometiri, yawanci sabon darasin sun gane shi, a wajen haɗa firakshin ko alamar mainos suka zame. In kuma ta cinye duka biyar ɗin har da dalilansu, sati biyu ya isa a share ƙura a wuce.

Yanzu ga inda saurin yake fitowa, kuma iyaye da yawa ba su san shi ba. Manhajar sakandarenmu zagaye take yi. Logarizim ana fara shi a SS1 da lambobin da suka fi ɗaya, a dawo masa a SS2 da waɗanda ba su kai ɗaya ba, a sake taɓa shi a SS3. Kwadiratik haka, tirigonometiri haka, kididdiga haka. Kowace dawowa sai malam ya ɓata sati yana tuna wa yara abin da suka manta tun bara. Ita da take ita kaɗai ba ta bukatar wannan, sai ta kama zare ɗaya ta bi shi har ƙarshe. Don haka ka saya mata New General Mathematics na SS1 da SS2 da SS3 duka uku a lokaci ɗaya, ko na hannu ne, ta riƙa bin darasi ɗaya daga wannan littafi zuwa wancan, kada ta ce sai ta gama na ɗaya kaf sannan ta buɗe na biyu. Ka kuma buga mata manhajar WAEC ta lissafi a takarda ta liƙa a bango tana sa alama.

Daga Oktoba zuwa Disamba aljebra zalla. Indisis, sannan logarizim a manne da shi don abu ɗaya ne aka juya shi, sai sod wato lambobi irin √2, set, ikweshin mai x ɗaya, mai x da y, sai kwadiratik. A nan ina roƙonka kada a yi gaggawa. Akwai fomular nan da kowane ɗan sakandare ya haddace kamar karatun sallah, kar a ba ta ita. A fara da fakta, x² − 5x + 6 = 0 ta ga yadda 2 da 3 suke fitowa, sai a koya mata cike murabba'i, sannan wata rana a ba ta ax² + bx + c = 0 a ce ta yi masa abin da ta saba yi wa masu lambobi, ta fito da fomular da hannunta. Zai iya cin kwana uku, za ta yi fushi, ƙyale ta. Yarinyar da ta haƙo wannan fomula da kanta ba ta sake mantawa da ita, kuma daga ranar ta daina jin tsoron haruffa a lissafi. Bayan nan sai zana giraf, bambancin girma wato wannan ya fi wancan, bariyeshin, da jerin lambobi na AP da GP, wanda tambayar duwatsun nan ta riga ta buɗe mata ƙofarsa.

Janairu zuwa Maris na jiyometiri ne, kuma a nan ne masu saurin hadda suke shan mamaki, don babu wata hanya ɗaya da za ka bi, sai ka kalli zane ka yi tunani. Kusurwoyi, alwatika, ƙa'idojin da'ira, kuma kowace ƙa'ida sai ta iya kawo hujjarta. A makarantu da yawa an daina koyar da hujjojin nan saboda ba kasafai ake tambayarsu kai tsaye ba, ni kuwa a ganina su ne ma lissafin. A saya mata masset mai kyau wanda kamfas ɗinsa ba ya sassautawa. Tirigonometiri kuma a fara shi a tsakar gida: ta kafa sanda ta auna inuwarta da hantsi, da azahar, da yamma. Ai a islamiyya an koya mata cewa la'asar tana shiga in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, to lokacin da inuwa ta yi daidai da tsawon sanda rana tana kan digiri 45, shi ne tan 45 = 1 da ake haddacewa ba a san ma'anarsa ba. Daga nan ta auna tsawon hasumiyar masallacin unguwarku da inuwa kawai. Sai fili da faɗi da cikin abubuwa, tankin ruwan gidanku ma ya isa misali.

Afrilu zuwa Yuni sai a kwashe ragowar: kididdiga, yiwuwar aukuwar abu, biyarin wato auna alƙibla da digiri, layukan duniya na latitud da longitud inda za ta yi aiki da Kano da ke wajen digiri 12 arewa da ikwaita, jiyometirin x da y, matiris, da ɗan gabatarwar kalkulas wanda JAMB ma tana tambaya. Waɗannan ba su da wuya ga wanda aljebrarsa ta zauna. Yuli kuma tsofaffin takardun jarrabawa, da agogo a gabanta. Ta WAEC kashi biyu ce, tambaya 50 ta zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, sai ta rubutu mai tambaya 13 a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole ne. Amma dan Allah kada a fara da su tun Oktoba, yaron da aka horar da tsofaffin tambayoyi salon mai tambaya yake koya.

Yadda zaman kullum zai kasance kuwa, ba sai mun je nesa ba, dubi yadda ake hadda a makarantar allo. Ba wanda yake wanke allo kullum ya ƙara sabo ba tare da tilawar na baya ba, in ya yi haka kafin ya kai izu goma na farkon sun zube. Lissafi ma haka yake. Minti 20 na farko tilawa ce: tambaya huɗu ko biyar a cakuɗe, ɗaya daga satin jiya, ɗaya daga watan jiya, ɗaya daga tushe, ba tare da an faɗa mata daga wane babi suka fito ba, don a ɗakin jarrabawa ba mai faɗa mata. Sai minti 25 na sabon karatu, ragowar duka ita da biro. Kallon malam yana warware tambaya, ko a allo ko a waya, daɗi gare shi kuma yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai an rufe an ba shi farar takarda gaskiya take fitowa. In ta maƙale ta yi minti 15 tana kokawa kafin ta duba amsa. Ta kuma ware littafi guda na kurakurai, duk tambayar da ta faɗi ta rubuta ta, ta rubuta inda ta zame da kalmominta, ranar Asabar ta sake yinsu. Ƙa'idata ita ce ba a barin babi sai ta ci takwas cikin tambaya goma da ba ta taɓa gani ba, in bai samu ba a ƙara kwana uku, jadawalin ya jira.

Labarin da na ce zan ba ka. Akwai wani yaro da mahaifinsa ya kawo min shekarun baya, kaifin kansa har tsoro yake ba ni, na ga yana kamawa sai na biye masa muka yi ta gudu, babi a kwana biyu, ba tilawa, ba hujja, fomula da tsofaffin tambayoyi kawai, ni ina jin daɗi uban yana jin daɗi ana nuna shi ga baƙi. Ya ci jarrabawarsa da kyau kuwa. Da ya shiga jami'a ajin farko ya dawo hutu ya same ni, ya ce Malam ni fa ban gane komai a lissafin da ake mana, in aka ce a nuna dalilin abu ban san ta inda ake farawa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa dama can shi ba gwani ba ne, yaudarar mutane yake. Alhali ni ne ban taɓa barinsa ya kwana da tambaya ba. Tun daga kansa na canja.

Sai maganar GCE, a nan kam shawarata ka dakata. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a Najeriya 16 ne. A 2024 an ce za a mayar da shi 18, aka yi ta cece-kuce, daga baya aka dawo da 16. Ita a ƙarshen wannan shekarar 15 za ta kasance. Sannan jami'a kiredit biyar take nema har da Turanci, da lissafi ga mai son kwas na kimiyya, kuma kwas irin likitanci jami'o'i da yawa sai a zama ɗaya suke karɓa, JAMB kuma darasi huɗu ce, lissafi tambaya 40 ne kacal cikin 180. Ka ga ko ta ci A1 a lissafi tana SS1, Fiziks da Kemistiri da Turancinta na SS1 ne, takardar za ta zauna a durowa ne kawai. In so kake ka san matsayinta, ɗauko takardar WAEC ta bara, ka sa mata agogo a falo, ka kai wa malamin da ya saba makin ya duba, ba ka kashe kuɗin rajista ba kuma ka samu amsarka.

Ribar gama manhaja da wuri ita ce shekara biyun da za su rage mata. A nan za ta ɗauki Further Maths da gaske, mai kashi uku, zallan lissafi, kididdiga, da bekta da makaniks, wanda duk mai son injiniya ko kwamfuta ko lissafin kansa zai gode wa Allah da ya yi shi kafin jami'a. Makarantu da yawa a wajenmu ba su da malaminsa, ka bincika tun yanzu. Akwai kuma gasar olimfiyad da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali a Abuja take shiryawa, daga nan ake tace waɗanda ke wakiltar Najeriya a ta duniya, inda ake ba da tambaya shida kacal a kwana biyu, kowace rana awa huɗu da rabi a kan tambaya uku. Ka ji irin lissafin da ake zama da shi. Ga Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, ita ta fi karkata ga sauri amma tana sa yara zumuɗi. Ko ba ta je ko'ina ba, ranar Juma'a a ajiye manhaja a ba ta tambaya ɗaya irin ta gasa ta yi wasa da ita.

Mai lesin sau biyu a sati ya wadatar, ɗalibin lissafi na jami'a ko na kwalejin ilimi ma zai iya. Ka zauna a zamansu na farko ka lura da wanda ya fi riƙe biro, in shi ne to nemi wani. Dandalan koyo na intanet irin Khan Academy da GeoGebra kyauta ne kuma suna da amfani, sai dai waya a hannun 'yar shekara 14 ka san sauran, a sauke bidiyon a kashe data. Ka je ka gaisa da malaminta na aji ka faɗa masa abin da ake ciki cikin girmamawa, don yarinyar da ta riga aji in ba a yi hattara ba ko ta raina malam ko malam ya tsane ta, wani in ka yi sa'a har zai riƙa ba ta tambaya ta daban ko ya sa ta taimaka wa 'yan ajin, kuma koyar da wani yana zaunar da karatu fiye da komai. Da azumi a rage zuwa minti 40 bayan asuba, tilawa kawai ba sabo. Lokacin zafin Maris da Afrilu ma da sassafe ya fi.

Abu ɗaya kuma sai kun zauna da mahaifiyarta. 'Ya mace ce, ta dawo daga boko, ga islamiyya, ga wanke-wanke ga raino, in aka ɗora awa ɗaya da rabi a kan wannan ba a sauke mata komai ba, daga barcinta za a cire, kuma kan da bai yi barci ba ba ya riƙe lissafi. A rage mata wani aikin a fili kowa ya sani. Kuma ka tambaye ta ita kanta ko tana so, ba a gaban baƙi ba. In ka ga ta fara ciwon kai duk lokacin zama, ko tana ɓoye littafin kurakuran nan, ko ta daina kawo maka tambayoyin da take kawowa da, a tsaya sati biyu cur, in an gama a wata 15 maimakon 12 ba abin da ya ɓaci.

Yi mata tambayoyi biyar ɗin nan yau da daddare, kada ka taimaka mata ko da da ido ne, ka ɗauki hoton takardar da duk goge-gogen da ta yi ka turo min, daga nan zan faɗa maka ko sati biyu za ta yi a tushe ko takwas.